Kajina da Dangar Lambun Malam

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kaji nawa ne, lambu na Malam ne, abin da ya raba su kuwa danga ce ta karan dawa wadda tsayinta bai wuce ƙirjina ba. Gidanmu yana bayan Samaru a Zariya, kuma da aka gama gini an sami ragowar fili ta gabas kusa da rijiya. Nan Malam yake yin fangalinsa duk rani. Bana ya zuba alayyafo da latas da albasa mai lawashi, makon jiya kuma ya dasa tumatir. Bayan lambun akwai katangar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Gwaggo.

Kajin goma sha ɗaya ne har da zakara. Shida na gida ne: wake-wake biyu, ja, baƙa, fara, da durgu. Sai Noiler biyu, manyan kajin zamani masu nauyi, da Shika Brown biyu, su kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, nan kusa da mu, ce ta samar da irinsu don ƙwai. Da damina ba mu da rigima, ciyawa da ƙwari sun ishe su a tsakar gida. Yanzu ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, babu wani abu kore a gidan nan sai lambun Malam. Jiya sun shiga sun tone dashen tumatir layi guda, sun yi wa latas aski.

Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Maman yara, ko dai ki san yadda za ki yi da su, ko kuwa mu fara shan romo duk Juma'a." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam, a ba ni lokaci in gwada." Ya ce ya ba ni.

Talata, 5 ga Nuwamba

Kafin in sayi komai na zauna na kalle su. Na ɗauko faifan wake ina tsincewa a gindin gwaiba, idona yana kan danga.

Babu wadda ta tashi daga ƙasa ta tsallake dangar ta sauka cikin lambu kai tsaye. Hawa-hawa suke yi. Babbar wake-waken ce ke ja gaba: ta ɗare kan turmi, daga turmi ta hau durom ɗin ruwa, ta tsaya can tana karkata kai tana auna saman dangar da ido ɗaya, sannan ta buga fiffike ta sauka a kan tankar sama, wato dunƙulen karan da aka gicciya aka ɗaure don dangar ta tsaya. A kan tankar takan ɗan huta, ta leƙa ƙasa, sai ta dira. Da sauran sun ji ta a ciki tana tono, sai su bi sahu ɗaya bayan ɗaya ta hanya guda.

Noiler ko gwadawa ba sa yi. Kowace ta haura kilo 2 nesa ba kusa ba, ita kuwa kazar gida da ƙyar take kai kilo 1 da rabi, fiffikenta kuma dogo ne a kan jikinta. Shika Brown suna tsaka-tsaki, sukan hau turmi amma su tsaya nan. Durgu, da yake ƙafarta gajera ce, ta ƙasa take bi, inda gara ta cinye gindin kara.

Sau biyu a wuni abin yake tsananta: da sassafe in na sake su da yunwa, da kuma bayan la'asar in Malam ya yi ban ruwa, ƙasa ta jiƙe, tsutsa da ƙwari suka taso.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yara sun taya ni gusar da duk abin da ke kusa da danga: turmi, durom, tarin itace, da wani tsohon benci. Mun bar taku biyar babu abin takawa. Ramin durgu na toshe shi da bulo.

Shika Brown sun haƙura, fara ma haka. Wake-wake biyu da ja da zakara ba su haƙura ba. Yanzu daga ƙasa suke zabura, su maƙale a tankar tsakiya da farce, su yi ta bugun fiffike suna tattakawa har su kai sama. Dangar kuma ta ɗan kwanta ta wajen lambu saboda tsufa, ta zama musu gangare.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Daren jiya bayan isha'i muka rage musu fiffike, ni da babbar 'yata. Da dare ake yi, don kaza ba ta gani sosai a duhu, sai ka ɗauke ta kamar ɗaukar ƙwarya, ba gudu ba kururuwa. Ita ta rungume kaza a ƙirji ta riƙe ƙafafu, ni na buɗe fiffike na haska da tocila.

In aka buɗe fiffiken kaza za a ga dogayen gashi guda goma daga can ƙarshe, su ne na tashi. Bayansu akwai wani ɗan gajere da ya raba, sannan jerin na kusa da jiki, waɗanda suke rufe mata gefe suna tare sanyi. A saman dogayen kuma akwai layin ƙananan gashi da ya kwanta a kan tushensu. Wannan layin shi ne iyaka. Almakashi yana bi ta ƙasansa kaɗan, ya datse dogayen goman nan, ba ya taɓa na kusa da jiki. Busasshen gashi ba shi da jijiya, kamar yankan farce ne, kazar ko motsi ba ta yi.

Abin dubawa kafin a datse shi ne sandar gashin. In aka haska ta aka ga fara ce, fayau, babu komai ciki, ta gama girma. In kuwa ta yi duhu, baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, kuma da kauri, sabon gashi ne mai jini a ciki, aka yanke shi zai yi ta zuba. Na tarar da biyu irin wannan a jikin ja, na tsallake su. Na ajiye garin masara a kusa ko da za a sami tsautsayi a danna a wurin, ba a kai ga amfani da shi ba.

Fiffike ɗaya na rage wa kowace, na dama. Malam ya leƙo ya ce me zai hana a yi duka biyun a huta. Dalili shi ne, in duka biyu suka yi daidai, kaza mai ƙarfi takan ƙara bugu ta ɗaga duk da haka. In ɗaya ya fi ɗaya kuwa, tana zabura sai ta karkace gefe ta faɗo. Akwai masu kiwon da suka fi son a yi biyun don kada kaza ta faɗi ta ji ciwo, ban ce ba su da hujja ba, amma dangarmu ba wani tsayi gare ta ba. Na zaɓi dama ga kowa don in an jima in zo dubawa ba sai na tsaya tunanin wane gefe ba ne.

Da safe Gwaggo ta ji labari ta kan katanga, ta ce su a zamaninsu figewa suke yi. Na ce, "Gwaggo, ai fige yana da zafi." Kuma gashin da aka tuge daga tushe yakan sake fitowa cikin 'yan makonni, shi kuwa wanda aka datse yana nan a guntunsa har sai kaza ta yi zubar gashi da kanta. Ta ce, "To 'yar nan, ku 'yan boko kun fi mu sani." Da dariya ta faɗa.

Noiler da durgu ban taɓa su ba, babu dalili.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Rage fiffike ya zo da nasa aikin. Kajin gidan nan a kan gwaiba suke kwana tun suna sagaru. Halinsu ne na asali, don kakanninsu kajin daji ne na kudu maso gabashin Asiya, masu kwana a reshe. Yanzu ba sa iya kaiwa. Da magariba sai ka gan su a gindin bishiya suna ɗaga wuya suna kai-komo. Kazar da ba ta iya hawa sama kuma ta zama abincin muzuru, unguwar nan kuwa ba a rasa shi, har tunku ana gani ta wajen gonaki.

Na kira kafinta ya gyara tsohon akurkin da muka yi watsi da shi. Ya sa ƙofa mai sakata, ya buɗe tagogi biyu a sama ya rufe su da raga don iska. A ciki ya gicciya gora biyu, ɗaya a tsayin gwiwa, ɗaya a tsayin ƙugu, yadda za su hau ta farko su taka ta biyu. Kowace kaza tana buƙatar wajen taƙi guda a kan sanda, gora biyun sun ishe su har da saura. Daren farko da hannu muka ɗebe su muka zuba a ciki. Daga baya da na riƙa watsa tsaba a bakin ƙofar daf da magariba, sai suka fara shiga da kansu.

Lambu ya sami sauƙi, amma babbar wake-wake tana shiga har yanzu. Da fiffike ɗaya da rabi take tattaka tanka.

Asabar, 30 ga Nuwamba

An gama girbin dawa, kara ya yi arha, Malam ya sa an kawo dami-dami a kura. Yau aka tayar da sabuwar danga, kuma na tsaya a kan mai aikin har ya gaji da ni.

Abu na farko, tanka duk ta koma ta cikin lambu. Ta wajen kaji babu komai sai kara a tsaye, sumul, babu inda farce zai kama. Mai dangar ya ce shi tun yana yaro ciki da waje ake ɗaura tanka. Na ce, "Baba, haka ne, amma a yi min wannan ɗin yadda na roƙa." Don kada ƙarfinta ya ragu sai ya matso da dirkoki kusa da juna. Na biyu, ba a daidaita kan karan ba, an bar shi tsaitsaye, wani ya fi wani, tankar ƙarshe kuma tana ƙasa da kan da kamu guda.

Sannan ragar waya. Malam ya sayo a kasuwar Sabon Gari, mai tsayin ƙafa 3, mai ido inci 1. Ba mu shimfiɗa ta a jikin danga ba. A sama muka ɗora ta: rabi an ɗaure a jikin kara, rabi ya haura sama babu abin da ya tallafe shi, an ɗan lanƙwaso shi ta wajen kaji. Da gangan aka bar ta lagwai-lagwai. Da Malam ya so a buga katako a samanta don ta miƙe ta yi kyau, na roƙe shi ya bari, don katakon nan shi ne zai zama sabon wurin sauka. Abin da na gani ranar da na zauna kallo shi ne kaza ba ta zabura sai ta hango inda za ta sa ƙafa.

Gaba ɗaya tsayin bai fi ƙafa 6 ba. Da la'asar wake-wake ta zo ta yi karkata kan nan nata, ta zabura, ƙirjinta ya bugi ragar, ragar ta lotsa ta dawo da ita. Ta sake, ta sake, sannan ta tafi tono a gindin gwaiba.

Litinin, 9 ga Disamba

Tun da aka ɗora raga babu wadda ta shiga lambu. Amma baƙa takan ɓace da hantsi, ta dawo wajen azahar, kuma na daɗe ban ga ƙwanta ba. Na zagaya danga ban ga ɓaraka ba.

Yau Gwaggo ta yi sallama da ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta ce, "'Yar nan, zo ki karɓi amanarki." Ƙwai goma sha ɗaya. A ƙarƙashin tarin itacenta ta same su, baƙa na kwance a kai. Ashe ta rariya take bi, ramin da ruwan wanke-wanke ke fita ta gindin katanga, ta ɓulla lungu, ta shiga ta rariyar Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, ai da kin soya abinki, a gidanki aka yi su." Ta ce Allah ya kiyaye ta ci ƙwan maƙwabta. Da ƙyar ta yarda na aika mata da na Shika Brown a madadinsu.

Wannan ba yunwa ce ta fitar da ita ba, wurin ɓoye ƙwai take nema. Kazar gida takan yi goma zuwa goma sha biyar sannan ta kwanta, kuma tana son lungu mai duhu inda ba a yawan wucewa. Akurkina babu irin wannan wurin. Na samo tsofaffin tukwanen ƙasa uku masu faɗin baki, na kwantar da su a gefe a kusurwar akurki, ƙasa da sandunan kwana, bakinsu na kallon bango, na zuba ƙaiƙayi da ɗan toka. Tukunya ɗaya tana isar kaji huɗu ko biyar. A cikin biyu na bar ƙwai ɗaya-ɗaya da na yi wa alama da gawayi, don kaza ta fi son yi inda ta ga an riga an yi. Ta ukun na zuba ƙwan baƙa, na ɗora ta a kai da dare, na kife kwando a bakin.

Mai walda ya yi mana ɗan ƙarfe mai sanduna a bakin rariya, ruwa na wucewa, kaza ba ta wucewa. Yanzu kuma ba na sakinsu sai hantsi ya ɗaga, don yawancin ƙwai da safe ake yin sa.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hunturu ya sauko da ƙarfi. Iskar daren Talata ta kwantar da wani ɓangare na dangar ta arewa, aka ƙara dirka biyu aka tokare. Baƙa ta karɓi tukunyarta, tana fitowa sau ɗaya a wuni ta ci ta sha ta koma.

Ana ta labarin mutuwar kaji a unguwa. Lokacinta ne, cutar nan ta Niyukasul da sanyi da ƙura take tafiya: kaza ta yi sukuku, ta saki fukafukai, ta yi koren kashi, wata wuyanta ya murɗe, a wayi gari akurki ya zama wayam. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi. Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zo ya ɗiga wa nawa a ido, ɗigo ɗaya kowace, irin wanda ake kira I-2, na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924. An yi shi ne don kajin karkara, yana jure rashin firji fiye da sauran. Ya ce a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Na sa an ɗiga wa na Gwaggo ma, tunda katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Da na fara aikin nan latas ɗin Malam nake karewa. Yanzu ina ganin tsare kajin a gida ya fi amfanar su kansu. Waɗanda suka yi kiwo a 2006 ba su manta murar tsuntsaye ba, wadda aka fara tabbatar da ita a ƙasar nan a wata gona a Jaji, tsakaninmu da Kaduna. Kazar da ke yawo gida-gida ba ka san da wa ta ci ta sha ba.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Baƙa ta ƙyanƙyashe bakwai. Sauran huɗun ba su yi ba, wataƙila sun daɗe a ƙarƙashin itace kafin ta fara kwanci.

Tunda na hana su lambu, dole in kawo musu lambun. Mun yi yarjejeniya da Malam: duk ciyawar da ya cire, da ganyen latas na waje, da alayyafon da ya tsufa, nasu ne. Ina ɗaure su dami in rataye a reshen gwaiba daidai inda sai sun ɗan yi tsalle, ya ɗauke musu hankali tsawon wuni. Ina ƙara ganyen zogale a cikin dusa. Na kuma koma ba su tsaba kafin Malam ya fara ban ruwa, ba bayansa ba.

Gwaggo ce ta koya min tarkon gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumman buhu, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma inda ake ganin hanyar gara, can bayan gida nesa da danga da ɗakuna. Da safe kafin rana ta yi zafi a ɗauko a zazzage. Tsaki ba su da abincin da ya fi wannan, manyan ma har faɗa suke yi a kai.

A kusurwar yamma na tona ɗan rami na zuba yashi da toka don birgima. Da can a gindin danga suke yin ta, suna rarake ƙasa har kara ya fara lilo.

Asabar, 25 ga Janairu

Tsaki sun buɗe sabon babi. Tsakanin kara da kara akwai 'yan kafofi da babbar kaza ba za ta ko kalla ba, su kuwa sai su sulale su shige. Ɓarnarsu ba ta da yawa, amma in suna ciki uwar tana waje sai ta haukace, ta yi ta safa da marwa a jikin danga tana ƙoƙarin hawa, ga shirwa tana shawagi a sama. Ranar Laraba ta ɗauke ɗaya a cikin fangalin albasa, saura shida.

An sayo raga mai ƙaramin ido, rabin inci, an bi gindin dangar da ita ta wajen kaji, tsayin gwiwa, an binne taƙi guda a ƙasa an danne da duwatsu. Ta shirwa kuma, na tara buhunan albasa irin masu raga, na farke su na ɗinke da igiyar leda, muka shimfiɗa daga rufin akurki zuwa gwaiba. Rana za ta cinye su kafin damina, na sani, amma kafin nan tsakin sun yi wayo.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Malam ya fara tsinkar tumatir. Ya aika wa Gwaggo kwano guda, ya kawo min sauran ba tare da ya ce komai a kan romon Juma'a ba.

Daren jiya na bi fukafukan da tocila. Na ja da na zakara sun fara fitar da sabon gashi, sandar tana da duhu tukuna, sai ta washe zan datse. Na sauran yana nan yadda na bar shi. Ina tunanin ma in ƙyale fara da ƙaramar wake-wake in nasu ya fito, in ga ko ragar sama kaɗai za ta riƙe su, don na fi son su iya tsere wa muzuru in ya faɗo da rana. Babbar wake-wake kam ba na cikin masu yi mata wannan sassauci. Shekaranjiya na gan ta a kan rufin akurki tana auna reshen gwaiban da ya miƙa ta saman danga. Malam zai sare reshen gobe.

Kara ba ya wuce shekara, gara da ruwan sama za su gama da shi. Mun fara maganar dasa lalle ko bini-da-zugu a jikin dangar in ruwa ya sauka, ya zama shinge mai rai. Ni na fi son lalle, don yana cika ya toshe ƙasa, ga amfanin ganyensa, shi kuwa bini-da-zugu 'ya'yansa guba ne ga yara. Malam ya ce lalle yana da jinkirin girma. Ba mu yanke ba. Rigakafi na biyu zai faɗo a cikin azumi, na gaya wa mai ɗigawar ya zo da safe, tsakin ma a haɗa da su.